Surukina da Baƙin Dokinsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu komawa. Ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinsa da ke Kwargaba, ana tsakar yankan dawa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na yi zaman makoki a ƙofar gida tare da 'ya'yansa maza, ina karɓar gaisuwa kamar ɗayansu. Mutane sun zo daga Dinawa, garinmu, wasu daga Wurno, wasu har daga Goronyo, da ƙurar hanya a ƙafafunsu. Kowa ya iso sai ya durƙusa, a yi fatiha, ya ce Allah shi gafarta mashi. Amma da zarar an shafa, sai hira ta karkata wajen baƙin dokinsa, Akawal. Dokin nan kuwa ya daɗe da mutuwa, ko turkensa gara ta cinye.

Wani tsoho mai saƙar tabarma ya zame wuyan rigarsa, ya nuna tabo a kafaɗa. Ya ce, "Kun ga wanga? Akawal na. Ni kau gaisuwa kawai niz zo yi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce a zamanin nan mata sun daina bi ta ƙofar gidan da tulu, gara su kewaya ta bayan masallaci. Ƙanen mamacin, wanda muke kira Baffa, ya sunkuyar da kai yana share ido da gefen rawani. Da hirar ta yi tsawo, liman ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, makoki munka zo, ba hirar barga ba." Sai muka ji muryar Inna, matar mamacin, daga bayan zana: "Bar su, Malam. Da shina nan, wagga hira ta zai so."

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya dame ni shi ne dariyar. Yara masu tasowa za su ji labarin nan su ɗauka wani tsoho ne mai mahaukacin doki, abin ban dariya. Ni na tsaya kusa, kuma ban tuna ranar da na ga abin dariya a ciki ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, a ajiye.

Ranar da na fara shiga gidan a matsayin suruki, na tuɓe takalma a zaure, na sunkuya na bi ta soron ciki kamar yadda ya dace, ba motsi, ba magana. Ban san barga tana nan dab da hanya ba. Sai kawai na ji igiya ta yi ƙara, wani baƙin abu ya taso mini, kunnuwa a kwance, haƙora a waje. Igiyar ce ta tsayar da shi, numfashinsa na dukan fuskata. Na ji wata murya a bayana, a hankali, kamar mai lallashin jinjiri: "Akawal, baƙo na. Bai sani ba. Mijin ɗiya na, ka bar shi." Dokin ya ja da baya yana huci. Baba, surukin nawa, bai dube ni ba. Ya wuce ya dafa wuyan dokin, ya ce, "Gobe in zai shigo, zai yi tari tun daga zaure."

Haka ya fara koya mini, kuma haka ya ci gaba. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ba ya kiran sunana, ba ya fuskantata da magana. In yana son in san wani abu, sai ya gaya wa doki ina ji.

Matata ce ta ba ni asalin labarin. Baba ya kai albasa kasuwar Goronyo, ya tarar da wasu fatake sun yar da dokin a bayan kasuwa. Bayansa duk miki, ƙuda sun yanyame shi, idonsa na hagu ya yi fari saboda duka. Ba mai iya kusantarsa. Baba ya wuni a gefe yana yi masa magana har ya yarda aka sa masa ragama, ya jawo shi a ƙasa har gida. Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba, in ji Inna.

Halayensa ba su da yawa, amma kowanne yana iya kashe mutum. Ba a zuwa masa ta hagu, inda ba ya gani. Ba a zuwa masa shiru. Ba a ɗaga komai sama da kansa, ko sanda, ko tsintsiya, ko hannu. Kuma ba ya shiga ruwa sai mutum ya fara shiga gabansa. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya ga doki mai tafiya kamar ruwa a kwarya. Wanda ya manta ɗaya, ya ga abin da mai saƙar tabarma ya gani.

Kullum in an idar da sallar asuba, Baba zai nufi barga yana tari, ya yi wa dokin sallama kamar yadda ake yi wa mutum. Wasu malamai sun yi masa magana a kan sallamar, ya ce shi dai bai san wata kalma da ta fi ta sanyi ba. Zai share kashi yana jan tsintsiya ƙasa-ƙasa, ya zuba sabon rairayi. Sannan ya murɗa busasshiyar ciyawa a hannu, ya fara goge shi daga wuya ta ɓangaren dama, ya gangara kafaɗa, baya, ciki, cinya. In zai koma hagu, ba ya kewayawa ta baya. Ta ƙarƙashin wuya yake bi, kuma tafin hannunsa ba ya barin jikin dokin ko kaɗan, don dokin ya san inda yake. Yana yi yana magana, kowace iri: labarin ruwan jiya, tsutsar da ta shiga wake, wanda ya haihu a unguwa. Ya tsefe geza da yatsu, ya cire kaska a kunne da gindin wutsiya, ya ɗaga kofato ya ƙwaƙule da tsinke. Da rani yakan shafa wa kofatan man shanu don kada su tsage, Inna na mita cewa man miya ne ya tafi ƙafar doki. Harawa da ingirici ba sa yankewa. Dawa sai an jiƙa. Ranar kanwa kuwa sai ya dama ta cikin dusa, ya tsoma hannu a ciki tukuna, in ba haka ba Akawal ba zai taɓa ba.

Sirdi ma da haƙuri aka kai gare shi. Baba ya fara ajiye zubka, shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, a ƙasa kusa da kwamin abinci, ta daɗe a nan har dokin ya saba yana taka ta. Daga nan ya riƙa goga masa ita a kafaɗa, sannan ya ɗora. Rani guda ya tafi kafin a ɗora sirdi a ja majayi. Linzami kuwa sai da ya kai wa maƙeri ya dakushe masa kaifin. Yakan ce, "Bakin da anka yanka ba shi jin magana, zahi shika ji."

Ba zan ce kowa ya ga dacewar wannan ba, kuma ba zan ce masu ƙorafi ba su da gaskiya ba. Akawal ya ciji ɗan Baffa a hannu, har yau yatsun yaron biyu ba sa lanƙwasuwa. Baffa ya jira ranar da Baba ya tafi fadama, ya kawo wani mai horon dawaki daga Rabah. Ina gidan ranar, na kawo matata ganin gida. Suka jefa wa dokin igiyoyi a ƙafa, suka kayar da shi, mutumin ya hau shi da bulala. Ban taɓa jin dabba ta yi irin wannan kuka ba. Ba haniniya ba ce. Mata suka kwashe yara suka shige ɗaka, ni kuwa na tsaya a zaure, na rasa ko in shiga ko in gudu.

Ana cikin haka Baba ya dawo da lauje a hannu. Kowa ya ja baya, don mun zaci wani abu zai faru. Bai dubi mai horon ba. Ya durƙusa a gaban dokin, ya yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana magana a hankali. Sai da dokin ya miƙe yana makyarkyata, sannan ya juyo wajen ƙanensa.

Baffa ya ce, "Yaya, dabba ta hwa. Ɗana yac ciza."

Baba ya ce, "Ɗanka sanda yaɗ ɗaga mashi."

"Yaro na. Ina yas sani? Sai ya kashe wani za ka yarda?"

Baba ya ce, "Aikin shekaru kun ɓata shi da hantsi guda."

Washegari ya kafa zana tsakanin sashensa da na ƙanensa. Suka daina magana, ko gaisuwa sai a masallaci, har sai da yayarsu ta taso daga Wurno ta zaunar da su. An cire zanar, amma ban taɓa jin Baba ya ba da haƙuri a kan hannun yaron ba. Abin da na sani, kowace kaka shi yake fara kai wa yaron damin gero kafin ya zuba nasa a rumbu. Irin ban haƙurinsa ke nan.

Daminar da kurkunu ta kama shi, ita ce ta jawo ni cikin barga. Babban ɗansa an tafi da shi aikin tilas na haƙar kuza a diban gwamna, sauran ƙanana ne. Ƙafar Baba ta dama ta kumbura, tsutsar ta fito a idon sawu, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Ba ya iya tsayuwa. Akawal ya yi kwanaki ba wanda ya taɓa shi, sai dai a jefa masa harawa daga nesa. Matata, tana da tsohon ciki a lokacin, ta ce mini, "Baba ba zai roƙe ka ba. Amma dokin ga in ya lalace, shi ma lalacewa zai yi." Da safe na kama hanyar Kwargaba.

An shimfiɗa masa tabarma a rumfar da ke kallon barga. Da ya ji tarina, sai ya ce, "Akawal, ga mijin ɗiya nan. Ta dama zai zo. Zai miƙo maka bayan hannu ka shinshina." Na yi yadda aka gaya wa doki. Leɓensa ya taɓa hannuna, na ji ɗumi, na jira haƙori. Bai zo ba. "Yanzu zai aza hannu ga wuyanka. Ba zai ɗauke ba." Haka muka yi ta yi kullum. Ni ina goga, Baba yana gaya wa doki abin da zan yi. In na yi sauri ya ce, "Akawal, gaya mashi ba kasuwa za mu ba." In na yi shiru ya ce, "Akawal, mijin ɗiya ya zama kurma?" Sai in fara surutu. Kowace safiya in na doshi garin, tsoron yana nan. Ban taɓa sabawa ba.

Wata rana na ɗauko kwandon harawa a ka, kamar yadda kowa ke ɗauka, na shiga da shi. Sai da na ga kunnuwansa sun kwanta na tuna. Ya miƙe a kan ƙafafun baya, kofatonsa ya kaɗe kwandon, ya sauko ya danne ni jikin katanga da ƙirjinsa. Haƙarƙarina suka fara ƙara. Ina jin haƙoransa na haɗuwa dab da kunnena. Na yi ihu, irin wanda namiji ba ya so a ji ya yi a gidan surukai. Ta ƙarƙashin cikin dokin na hango Baba yana jan gindi cikin laka, ƙafar nan na biye da shi, bakinsa bai daina magana ba. Ya iso ya kama ƙafar dokin ta gaba yana shafawa daga gwiwa zuwa ƙasa. A hankali nauyin ya sake ni, na zube.

Mata suka fito da gudu, Inna na gaba tana tambaya, "Mi na na? Wa yay yi kuwwa?" Baba ya ce, "Ni nis sa shi kiran ku. Tun ɗazu nika kira ba ku ji ba. Ku kawo min ruwa in wanke ƙahwa." Suka koma suna mita. Bai taɓa ta da maganar ba, ko ga matata.

Ƙafar ba ta warke ba wani dogari ya sauka a ƙofar gida. Ya ce Baturen rangadi yana Rabah, zai bi ta Wurno ya wuce Goronyo, dokinsa ya gurgunce, an ce nan akwai ingarma mai ƙarfi. Baba ya sa aka tallafo shi zuwa zaure. Ya ce, "Ranka shi daɗe, dokin ga shina da hali. Ba rowa nika yi ba. Zai kada Nasara."

Dogarin ya ce, "Kowa haka shika cewa. Ko doki shi kwana Rabah, ko kai ka kwana inda ba ka so."

Dogarin ya fita. Kowa ya san abin da ake tsoro. In an hana doki, an yi laifi. In an ba da shi ya karya wuyan Bature, ba Baba kaɗai ba, garin duka zai amsa. Inna ta zauna a bakin murhu ta kasa hura wuta. Baba ya ce a kawo masa tsumma da jaki. Ya ɗaure ƙafar tamau, muka ɗora shi a jaki, ni na ja Akawal, muka kama hanya.

A Rabah aka ce jaki ya tsaya nan, talaka ba ya hawa kusa da Bature. Baba ya matsa wajen tafinta ya durƙusa, ya roƙe shi ya gaya wa maigidansa abu biyu: ya hau ta dama, kuma kada ya ɗaga bulala. Tafintan ya dube shi, na ga shi ma a tsorace yake. Ya ce, "Ni zan gaya ma Nasara ta inda zai hau doki? Tsoho, ina da iyali."

Baturen ya fito, dogo, fuskarsa ja, da gajeriyar bulala rataye a wuyan hannu. Ya nufo dokin ta hagu, kamar yadda suke yi. Na rufe ido, na sake buɗewa. Baba ya riga ya tsaya a wajen, ya haɗa kuncinsa da makahon idon, hannunsa a wuyan dokin, yana raɗa masa magana. Fatar Akawal na rawa kamar wadda ƙuda ya sauka a kai. Sirdi ya yi ƙara, Baturen ya zauna. Dokin bai motsa ba.

Haka aka yi tafiyar. Baba a hagu, riƙe da ragama, yana ɗingishi yana magana. Ni ina baya cikin 'yan dako, idona a kan bulalar nan. In Baturen ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, sai in zaci bulalar ce. In tsuntsu ya tashi a gonar dawa, in dubi kunnuwan Akawal. Tsumman ƙafar Baba ya jiƙe, ya yi ja, ya yi baƙi da laka. A Wurno, inda aka yada zango, na kwance masa na wanke, na ga tsutsar ta tsinke a ciki. Duk wanda ya san kurkunu ya san abin da wannan ke nufi: ƙafar za ta kumbura ta ruɓe. Ya ce in mayar in ɗaure.

Washegari da hantsi muka iso wani rafi da ke zuba cikin gulbin Rima, ruwan sama ya cika shi har ƙugu. Akawal ya tsaya a bakin gaɓa ya kafe. Baba ya san sai ya fara shiga, amma gangaren na da santsi, ƙafar kuma ba ta ɗaukarsa. Ya tsaya yana neman inda zai taka. Baturen bai san dalilin tsayuwar ba. Ya zunguri dokin da dunduniya, bai tafi ba. Ya faɗi wata kalma, ya ɗaga bulala.

Na ga kunnuwan sun kwanta. Na ga ƙafafun gaba sun fara barin ƙasa, a bakin gaɓa, da duwatsu a ƙasa. Sai na ga hannun Baba ya tashi ya cafke wuyan hannun Baturen, ya jawo shi ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da aka yi a haka ba. 'Yan dako suka tsaya cak da kaya a ka. Baba ya saki hannun, dogari ya zaburo ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗa rafi ta bi igiyar ruwa. Bai juya ba, bai saki ragama ba, bai daina magana da dokin ba. Ya sulala cikin rafin da ƙafar nan tasa, ruwa ya kai masa ciki, ya ja a hankali. Akawal ya yi huci, ya sa ƙafa, ya biyo shi.

Da aka haye, Baturen ya dubi wuyan hannunsa, ya dubi Baba, ya faɗi wata gajeriyar magana. Tafinta bai juya ta ba. Har yau ban san abin da ya ce ba.

A Goronyo aka shiga da dokin bariki, mu aka ce mu zauna waje mu jira. Muka zauna cikin rana. 'Yan dako suka nisance mu kamar masu agana. Ina jin suna raɗa: wani ya ce bulala za a yi masa a kasuwa, wani ya ce sai Sakkwato, gidan yari, wani ya ce har wanda ya rako shi. Na riƙa tuna matata da cikinta, ina tunanin wa zai raɗa wa abin da za ta haifa suna. Duk sanda ƙofa ta motsa sai in ce mu aka zo kamawa. Baba yana zaune ba hula, ƙafarsa a miƙe, yana jan tasbaha da yatsu. Aka kira azahar, muka yi taimama a inda muke, don ba mu da ƙarfin halin tashi neman ruwa. Sai bayan la'asar wani mai dafa wa Baturen abinci ya leƙo ya ce a zo a kwance wannan shaiɗanin doki, ya hana kowa shiga, an samo wa Baturen wani dokin. Na ce, "Mu hwa?" Ya ce, "An ce ku tahi."

Na kwanto Akawal, amma Baba ya kasa tashi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Dole ya hau doki, kuma tunda ta dama ce ta lalace, sai dai ya taka likkafa da ta hagu. Wato ta makahon ɓangare. Na roƙi wani masunci da ke wucewa ya taya ni ɗaga shi. Sai Baba ya ɗaga kai ya dube ni, ni kaina, ba doki ba, ya ce, "Kai za ka tsaya ga idon."

Na ce, "Baba, mi zan ce mashi?"

"Abin da kag ga dama. Kada dai ka yi shiru."

Na haɗa kuncina da fuskar nan da ta taɓa neman kunnena. Na ji zafinta, na ji jijiya na bugawa. Na fara gaya masa yadda ake dashen albasa, yadda ake yin fangali, yadda ake ba da ruwa. Masuncin ya ɗaga Baba, ya cilla masa ƙafar. Dokin ya yi rawar jiki tun daga kai har wutsiya, amma ya tsaya.

Mun daɗe muna jiran abin da zai biyo baya. Kaka ta zo, rani ya shiga, in aka hango jar rigar dogari a hanyar Wurno sai Inna ta fara salati, yara su ɓuya. Ba wanda ya zo. Ƙafar Baba ta fashe, ta yi ta zubar da ruwa, da ta warke gwiwar ta sandare. Hawan nan na Goronyo shi ne na ƙarshe a rayuwarsa. Bayan haka ni nake kai Akawal kilisa, shi kuma yana ɗingisawa da sanda, riƙe ƙasa-ƙasa, ya yi shara da guga kamar kullum. Da dokin ya tsufa ya mutu, bai yarda a ja shi bayan gari a bar wa ungulu ba. Ya sa aka haƙa rami a gefen gona.

Akwai maganar da muka yi a hanyar dawowa daga Goronyo, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Muna tafe ina jan ragama, shi yana bisa, rana ta yi sanyi. Ganin ya buɗe mini ƙofa da ya yi mini magana kai tsaye, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, kai ba ka jin tsoro?"

Na ɗauka na yi rashin kunya. Can ya ce, "Tun Rabah hanjina ka kaɗawa. Da nik kama hannun Nasara, ban san na kama ba sai da nig ga hannuna bisa nai."

Na ce, "Akawal hwa?"

Ya ce, "Tun randa nij jawo shi daga bayan kasuwa, ban taɓa shiga bargatai gabana bai hwaɗi ba. Ko sau guda."

Na tsaya a tsakiyar hanya. Na ce, "To mis sa ba ka rabu da shi ba?"

Ya ce, "Shi ma tsoro shika ji, ya hi ni ji. In biyu suna jin tsoro, dole guda shi daure. Ni Allah yab ba hankali." Sai ya gyara zama yana cije leɓe saboda ƙafar, ya ce, "Ja mu tahi, kada magariba ta riske mu."

Allah ya gafarta wa Baba, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da haƙurinsa. Ya daure wa tsoro iyakar rayuwarsa saboda wata halitta da ba ta iya gode masa. Ya Ubangiji, inda yake kwance yanzu, Ka ɗauke masa tsoron nan.